Bututun Baba a Ƙarƙashin Katanga

SHAFI NA 27

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba" tun kafin in wanke ido, ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ke kuma da kika rubuto cewa Auta ta cika taurin kai, na ji, ban musa ba. Karanta wannan tukuna. Ni da na rubuta shi sai da na tashi na wanke fuska sau biyu.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: shekara biyu da rasuwar Baba, shekara biyu Auta da Yayanta ba sa ga maciji. Ginin da ya bar musu sun raba shi da katanga, ita tana da ɗakin ɗaukar hoton marasa lafiya a ɓangaren gaba, shi yana da cibiyar jarrabawa ta kwamfuta a baya. Babban asibitin da ke turo mata mutane ya ba ta zuwa ƙarshen wata ta jawo layin intanet na faiba guda biyu don tura hotuna, ko su kai kwangilar wani wuri. Saura kwana tara.

*

Takardar ta fi minti goma a hannun Auta. Ta karanta daga sama har ƙasa, ta juya bayanta ko akwai wani bayani da zai rage mata zafi. Babu komai.

"Injiniya, ina jin an yi kuskure. Layi biyu na nema, ba filin jirgi na ce ku gina min ba."

Injiniyan da kamfanin intanet ya turo dattijo ne mai sanyin magana, takalminsa duk jar ƙasa. Ya jingine keken awonsa a jikin tebur.

"Babu kuskure, Likita. Kuɗin layi daban, kuɗin kawo shi daban. Na wata-wata ba shi ke kayar da mutane ba, haƙa ce."

"Miliyan ashirin da biyu? Na haƙa kawai?"

"Ramin wayarmu yana bakin tsohon get ɗinku, wanda aka toshe da bulo. Tsakar gidanki kuma kin cike ta da ɗakin na'ura, ba wanda zai haƙa ƙarƙashin wannan injin. Dole mu zagaya ta titi, mu fasa kwalta, mu biya izinin fasawa, mu biya gyara, mu shigo ta bayan gininki."

Ya jawo takardar gabansa, ya ɗora yatsa a kan layi biyu.

"Ga wani abu kuma. Layin farko kin nema ranar Litinin, na biyun sai bayan sati."

"Sai daga baya asibitin suka ce dole a samu na ko-ta-kwana."

"To kwamfutarmu ba ta san gida ɗaya ba ne. Kowace oda ta lissafa mata raminta. Rami ɗaya za a haƙa, amma sau biyu aka caje ki. Wannan zan iya gyara miki yau, in soke su in haɗa su a fom ɗaya. Ya koma sha ɗaya."

Da wata ce da ta yi hamdala. Auta kuwa murmushi ta yi, irin wanda ya fi kuka ciwo. Sha ɗayan ma ba ta da shi. Ta leƙa ta gilashin ƙofa, ta hango Anti Rasit, tsohuwar mai karɓar baƙi da ke aiki a gidan tun zamanin Baba, tana lallashin wata mata mai ciki a kan benci. Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci a ƙarƙashin wannan rufin, kuma rabin marasa lafiyan da ke zaune a wajen asibitin nan ne ya turo su.

"Babu wata hanya, Injiniya? Ko a rataya wayar a kan turakun wuta?"

"An hana a wannan titin."

Ya ɗauki hularsa, ya ajiye. Ya sake ɗauka. Ni dai da nake gefe na san akwai magana a bakin mutumin nan, yana ta tauna ta ne kawai.

"Likita, ba huruminna ba ne, amma na haifi kamarki. Ba yau na fara shigowa ginin nan ba."

"Kamar yaya?"

"Wata uku da suka wuce na yi awo a nan. Ta can ɓangaren."

Nan take ta ɗaure fuska. A ofishin nan ba a ambaton can ɓangaren, kowa ya sani, har mai kawo ruwa.

"Abin da ya shafi can bai shafe ni ba."

"Ya shafe ki. Taso ki gani."

Ya fita baranda ta bi shi. Ya nemi afuwar masu zaune, ya ja bencin gefe, ya durƙusa ya kankare ƙasa da makullin mota. Sai ga wata toshiyar roba baƙa, faɗin tafin hannu, a jikin siminti. Ya murɗe ta, ya zura yatsu biyu, ya zaro kan wata shuɗiyar igiya.

"Kin san mene ne wannan?"

Ta girgiza kai. Shekara nawa tana taka wurin nan safe da yamma.

"Bututu ne, babu komai a cikinsa sai igiyar jan waya. Ya taso daga bakin tsohon get, taku uku da raminmu. Ya bi ta nan, ya wuce ƙarƙashin katangarku, ya faɗa wani akwatin siminti a can ɓangaren. Daga akwatin ya rabu biyu, reshe ɗaya ya shiga ginin baya, ɗaya ya dawo cikin naki. Wanda ya binne shi ya san abin da yake yi. Layi huɗu zai ɗauka har da saura."

Ta tuna shekarar da Baba ya sa aka shafe tsakar gidan da siminti, yadda ya tsayar da leburori kwana biyu yana faɗa a kan wani rami, su kuma suna yi masa dariya a mota, ita da Yaya, wai Baba zai binne tukunyar zinare. Ya ce musu, "Wata rana za a zo da wata waya, ba na son a fasa min daɓe."

"Idan aka bi ta nan nawa ne?"

"Kusan kyauta. Kamfani yana ɗaukar kuɗin 'yan mitocin farko na kowace oda, taku ukun nan bai ma kai ba. Kwana biyu mun gama."

"To a bi mana!"

"Bakin yana wurinki, akwatin yana wurinsa. Ba ma taɓa ƙasar mutum sai da sa hannunsa. Takarda ɗaya ce, amma hannu biyu take so."

Ya zaro fom ɗin daga fayil ya miƙa mata. Layin sa hannu biyu a ƙasa, duk babu kowa a kai.

Kun san Auta. Wannan ce yarinyar da ta tsaya gaban ma'aikata, sati uku da binne Baba, a kan rigimar kuɗin man janareta, ta ce wa Yayanta, "Kai dai ba a taɓa ba ka abu ka riƙe ba." Shi kuma washegari ya kira magina. Daga nan mita ta zama biyu, tankin ruwa biyu, janareta biyu suna ihu wa juna ta saman katanga. Gidan da Baba ya yi komai nasa ɗaya.

Ta daɗe tana kallon igiyar a hannun Injiniya. Sannan ta cire farar rigar aiki ta miƙa wa Anti Rasit.

"Ina za ki, uwar ɗakina?"

"Wurin Yaya."

Biron da ke hannun Anti Rasit ya faɗi ƙasa. Ta buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, ta rufe, idonta ya ciko.

*

Mutumin da take jin tarinsa ta bayan katanga, sai da ta yi tafiyar minti bakwai kafin ta kai ƙofarsa. Ta fita titi, ta sha kwana, ta sake shan kwana, Injiniya yana biye da ita. A titin baya ta ci karo da wani dogon rami da aka haƙa aka watsar, ruwa ya kwanta a ciki ya yi kore, jan ƙyallen gargaɗi ya tsinke yana jan ƙasa. Ta sha wuce shi a mota tana tsaki, tana zagin masu gyaran famfo.

"Aikin waye wannan?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Namu ne."

Ta kewaye ramin ta wuce.

Get ɗin Yaya a buɗe yake. Allon cibiyar an sauke shi an jingine a bango. Ta leƙa babban zauren da ta san shi cike da kwamfuta ɗari da ashirin, babu ko ɗaya. Sai tebura da ramukan waya a jikinsu, da kwalaye an ɗaɗɗaure.

A tsakar gida ta same shi, zaune a kan farar kujerar roba a gindin katanga. Ya rame. Rigar da ke jikinsa ta san ta, da cika ta yake yi, yanzu kamar a jikin ƙusa aka rataye ta. Furfura ta fito masa a gemu, kuma babu wanda ya gaya mata.

Ya ɗago.

"Yaya, ina wuni."

"Auta." Ya miƙe, ya goge kujerar da hannun riga. "Zauna."

"A'a, ba zama na zo yi ba."

Ta ji yadda maganar ta fito da kaifi, ta ji haushin kanta. Ta yi ƙasa da murya.

"Alfarma na zo nema. Akwai wani bututu da Baba..."

"Ga shi nan."

Ya nuna gaban kujerar. Murfin siminti ne mai kusurwa huɗu, an share shi tas, duk tsakar gidan shi kaɗai ne babu ƙura. A jikinsa akwai rubutun da aka yi da tsinke tun simintin yana ɗanye. Ko a mafarki ta san wannan rubutun mai karkata hagu.

NA YARANA BIYU.

Ta durƙusa ta shafa haruffan ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan simintin.

"Ka san da shi?"

"Tun ranar da Injiniya ya nuna min."

"Wata uku, Yaya? Wata uku ka sani ba ka gaya min ba?"

"Na zo."

"Ka zo ina?"

"Wurinki. Wata ranar Laraba, da ambulan mai ruwan ƙasa. Irin takardar da ke hannunki ce a ciki, na riga na sa hannu a layina."

Ta tuna. Wallahi ta tuna. Tana cin abinci a ofis, Anti Rasit ta leƙo da fara'arta ta ce Yayanki ne a waje. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kika ce, ki ce masa ba na nan." Ya faɗa a hankali, babu faɗa a muryarsa, kuma wannan ne ya fi yanka ta. "Ƙofar ba a rufe take ba, Auta. Na ji ki."

"Da ka dawo! Don Allah me ya hana ka dawowa?"

"Na dawo. Sau biyu. Anti Rasit ta ce kin hana a sake ambata miki sunana, tana tsoron aikinta. A zuwa na uku har kuka ta yi min. Na ce ta bar shi, kada ta ja wa kanta."

Auta ta toshe bakinta da hannu.

"Ni ma layi biyu hukumar jarrabawa ta nema," ya ci gaba. "Da na ga ba hali, na ce a zagaya ta titin baya. Na sa hannu a farashin farko ina cika baki, ko shafi na biyu ban buɗe ba."

Injiniya ya sauke ajiyar zuciya. "Na roƙe ka ka karanta."

"Ka roƙe ni, ba zan yi maka ƙarya ba. Zuciya ce ta ɗebe ni." Ya juyo wurinta. "A shafi na biyun aka rubuta cewa idan sun tarar da wani abu a ƙasa, farashi zai canja. Suka tarar da dutse. Suka wuce dutse suka tarar da babban bututun ruwa. Kuɗi ya ninka. Na ce a dakata, aka ce sai na biya abin da aka riga aka haƙa. Layi bai zo ba, lokacin jarrabawa ya wuce, hukuma ta kai ɗalibaina wani wuri. Ramin da kika gani a waje, shi ya cinye kwamfutocin nan."

Ya yi 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu.

"Kin faɗa ai. Ba a taɓa ba ni abu na riƙe ba."

"Yaya, don girman Allah ka daina. Ƙarya na yi. Baƙin cikin rashin Baba ne ya sa na faɗa, ban san inda zan sauke shi ba na sauke a kanka. Kai ka riƙe ni a makaranta, kai ka kwana da Baba a asibiti wata huɗu. Ka yafe min."

"Na yafe tun ranar. Ni ma da na gina katangar nan, ina jira ne ki fito ki ce kada a gina. Har aka kai bulo na ƙarshe ina kallon ƙofarki."

Jama'a, ni a nan na ajiye waya na tashi. Mutum biyu, ciki ɗaya, kowa yana tsaye a bayan bulo yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Baba yana kwance a ƙasa, igiyarsa ma tana kwance a ƙasa.

Auta ta share fuskarta da gefen mayafi, ta miƙe da sauri, ta shimfiɗa fom ɗin a kan kujera. Ta sa hannu a layin farko.

"Shi ke nan, ya wuce. Injiniya, a haɗa duka huɗun a takarda ɗaya, nawa da nasa. Za a iya, ko?"

"Za a iya. Haka ya kamata a yi tun farko."

"Ka ji, Yaya. Layinka zai zo. Kwamfuta kuma a hankali za mu mayar, ko guda ashirin ne mu fara. Ungo."

Ta miƙa masa biron. Bai karɓa ba.

"Yaya, karɓi mana."

Ya mayar da hannuwansa baya kamar yaron da aka kama.

"Ba fushi nake yi ba, Auta."

"To mene ne?"

"Sa hannuna ba shi da amfani a takardar nan."

Injiniya ya ɗago kai da sauri. Auta ta kalli kwalayen da ke zaure, ta kalli allon da aka sauke, ta kalli murfin da aka share tas kamar wanda ake yi wa sallama. Sai yanzu abin ya haɗu a kanta.

"A'a. A'a, Yaya. Kada ka faɗa."

"Na sayar. Sati uku ke nan."

"Gidan Baba?"

"Rabona. Ba ni da yadda zan yi, masu bina bashi kotu za su kai ni."

"Wa ka sayar wa? Mu je wurinsa yanzu, in durƙusa masa, sa hannu ɗaya ne kawai."

"Ban taɓa ganin fuskarsa ba, da lauyansa muka yi komai. Ɗakin ajiyar kaya zai yi. Duk tsakar gidan nan za su zuba mata kankare mai kauri, saboda manyan motoci."

Injiniya ya cire hularsa. "Likita, idan kankare ya hau kan murfin nan, ki manta da bututun. Ba mai bari a fasa masa sabon daɓe."

"Yaushe za su fara?" Ta riƙe hannun rigar Yayan. "Yaya, yaushe?"

"Sun ce min sai sati mai zuwa. Shi ya sa nake zuwa in zauna a nan, kafin..."

Bai ƙarasa ba. Daga bakin get aka ji ƙarar babbar mota tana ja da baya, ƙit, ƙit, ƙit, ƙasa na girgiza. Motar kwaɓa kankare ce, tulunta yana juyawa a hankali. Leburori shida suka shigo da shebur a kafaɗa, a gabansu wani ƙato mai jar hular kwano yana duba agogo.

"Har yanzu ba ku kwashe ba? An matso da aikin, yau za mu zuba. Malam, ɗauke kujerar nan."

"Ka ba mu awa ɗaya," in ji Injiniya. "A kira mai wurin, akwai bututu a ƙasa."

"Ni ba a ba ni zanen wani bututu ba. Kankare kuma ba ya jiran kowa, in ya daskare a mota ni zan biya."

Auta ta cire takalmanta ta ajiye gefe. Ta taka zuwa kan murfin, ta zauna dirshan a kan rubutun Baba, fom ɗin a ƙirjinta.

"Hajiya, wasa kike yi? Tashi daga nan!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Yayanta take kallo. Ta matsa gefe kaɗan, ta bar rabin murfin, ta ɗora tafin hannunta a wurin.

Yaya ya kalli motar. Ya kalli katangar da ya gina. Sannan ya tattare rigarsa, ya zauna kusa da ƙanwarsa, kafaɗa na taɓa kafaɗa.

Mai jar hula ya yi tsaki, ya juya, ya ɗaga wa direba hannu.

"Sauke kwararon, a fara zubawa."